Yadda Za Ki Yi wa 'Yarki Bayanin Allolin Tsohuwar Masar

Tambayar ta zo ne daga wata uwa. Ta ce 'yarta mai shekara 9 ta dawo daga makaranta da wani littafi mai hotunan mutane masu kan kare da kan tsuntsu, an rubuta a ƙasa cewa allolin Masar ne na zamanin da. Yarinyar ta ishe ta da tambaya: su wane ne waɗannan, me ya sa kawunansu suke haka, da gaske ne, kuma har yanzu ana bauta musu a can? Ita uwar ba ta san amsa ba, ga kuma fargabar kada labarin gumaka ya taɓa wa yarinya aƙida.

Malama, Allah ya raya mana ita, ya yi mata albarka. Tarihin Masar shi ne abin da nake koyarwa, kuma wannan fargaba taki na sha jin ta a bakin iyaye, don haka da ita zan fara.

Yarinya mai shekara 9 ta san bambancin abin da ake ba da labarinsa da abin da ake imani da shi, muddin babba ya faɗa mata a fili. Ki ce mata: waɗannan ababen bautar wasu mutane ne da suka rayu a bakin Kogin Nilu shekaru dubbai da suka wuce, su suka ƙaga su, suka sassaƙa su, mu kuwa Allah ɗaya muke bauta wa. Kin ma riga kin sami madogara a cikin abin da take karantawa a Islamiyya. A Suratu Yusuf, aya ta 39, Annabi Yusuf (AS) yana cikin kurkukun Masar ya tambayi abokan zamansa biyu ko iyayengiji barkatai ne suka fi, ko kuwa Allah Makaɗaici Mai rinjaye. Yarinyar da ta ga yawan waɗannan gumaka da idonta za ta fi fahimtar nauyin wannan tambaya fiye da wadda aka ɓoye mata littafin. Ni a ganina ɓoyewar ce ta fi haɗari, domin gobe za ta ci karo da su a waya ko a talabijin, babu ke a kusa.

To, ta ina za a fara? Kada ki fara da sunaye. Masana sun tattara sunayen ababen bautar Misirawa fiye da 1,000, kuma addinin ya shafe sama da shekara 3,000 yana sauyawa, tun daga haɗewar ƙasar a ƙarƙashin sarki ɗaya wajen shekara ta 3100 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Kowane gari da nasa gwani, kowane zamani da wanda ya ɗaukaka. Wanda ya ce zai haddace wa yaro jerin sunaye, gajiyar da shi kawai zai yi. Ki fara da kogi.

Ki buɗe mata taswirar Masar, ki nuna mata siririn koren layin nan da ya ratsa hamada daga kudu zuwa arewa. Ruwan sama ba ya sauka a yawancin ƙasar sai nadiran. Abin da ya rayar da su shi ne ambaliyar Nilu: kowace shekara, idan damina ta zuba a tsaunukan Habasha, kogin yakan cika ya malale gonaki, in ya janye ya bar baƙar laka mai albarka, kamar yadda fadama take zama bayan ruwa ya ja baya. Su ba su san da ruwan Habasha ba. Abin da suka gani shi ne kogi yana tashi a tsakiyar zafi ba tare da ko ɗigon ruwan sama ba, sai suka ce akwai mai kawo shi, suka sa masa suna Hapi, suka zana shi da ƙaton tumbi ɗauke da tiren abinci. In ambaliya ta yi kaɗan, yunwa. In ta yi yawa, gidaje su rushe. Wannan ambaliya ta daina sauka a gonakin Masar tun da aka kammala babbar madatsar Aswan a 1970.

Da zarar yarinya ta gane wannan, sauran duk za su zo da sauƙi, domin kusan kowane ɗaya daga cikin allolin nan yana tsaye ne a kan wani abu da Bamisire yake gani kullum, yana so ko yana tsoro: rana, kogi, hamada, kada, haihuwa, mutuwa.

Nan ne amsar tambayarta game da kawunan dabbobi take. Mai zanen yana so ne ya nuna hali. Shaho yana tashi sama can ƙololuwa, idonsa ba ya kuskure, sai aka ba Horus, allan sarauta da sararin sama, kan shaho. Dila yana yawo a bakin hamada inda ake binne matattu, sai aka ba Anubis, mai kula da gawa da maƙabarta, kan dila. Wannan shi ne wanda 'yarki ta ɗauka kare ne. Kada shi ne abin tsoron masunta da masu ɗiban ruwa, sai ga Sobek mai kan kada, wanda har yau haikalinsa yana nan a Kom Ombo, da gawarwakin kadoji da aka busar a gidan tarihin da ke kusa da shi. Tot, allan rubutu da lissafi, kan jinjimi aka ba shi, wani lokaci kuma a zana shi a siffar gwaggon biri. Kyanwa tana tsare rumbu daga ɓera da maciji, sai ga Bastet, wadda babban garinta yake kusa da Zagazig ta yanzu. Hator saniya ce, ta soyayya da kiɗa da murna. Kunum rago ne, wai shi yake gina jikin jariri da yumɓu a kan faifan ginin tukwane.

Wanda ya fi burge yara a cikinsu, a iya sanina, shi ne Kefri, kuma za ki iya nuna mata shi a bayan gida ko a hanyar gona. Buzuzu ne. Ki sa ta tsuguna ta kalli yadda yake dunƙule kashin shanu, ya kifa kai ƙasa, ya ɗaga ƙafafun baya ya dafa dunƙulen, yana tura shi da baya da baya, ya faɗi ya tashi, bai fasa ba. Misirawa sun kalli wannan ƙwaro, suka ɗaga kai suka kalli rana tana mirginowa daga gabas, suka ce ai ita ma akwai buzuzun da yake turo ta. Sun kuma ga 'ya'yan buzuzu suna fitowa daga ƙasa ba a ga uwa ba, sai suka ɗauka kansa yake halitta. Shi ya sa aka sassaƙa siffarsa ba adadi a duwatsu ƙanana, ana ratayawa, ana yin hatimi da ita, ana sa wa gawa a ƙirji.

Labarai kuwa, uku sun ishe ta a yanzu.

Na farko labarin rana ne. A birnin da Girkawa suka kira Heliyofolis, wanda kufansa yake unguwar Matariyya a Alƙahira ta yau, malaman haikali sun ce da farko babu komai sai ruwa mai duhu, sunansa Nun. Sai tudu ya ɓullo, a kansa Atum ya bayyana. Daga shi aka sami Shu, wato iska, da Tefnut, wato laima. Su suka haifi Geb da Nut, ƙasa da sama. Ki lura, a wurinsu ƙasa ce namiji, sama mace. Ana zana Nut ta yi baka a kan duniya, yatsun hannu a wannan gefe, na ƙafa a wancan, jikinta cike da taurari, Shu ya ɗaga hannuwa ya tallafe ta don kada ta faɗo. Da yamma sai ta haɗiye rana, da asuba ta haife ta. A wata ruwayar kuma, allan rana Ra yana ratsa sama a kwale-kwale, in dare ya yi ya shiga ƙarƙashin ƙasa ya yi tafiyar sa'a 12, inda wani ƙaton maciji, Afofis, yake tare hanya yana neman haɗiye jirgin. Kowane dare ana fafatawa, kowace safiya Ra ya fito. In yarinya ta ce to wanne ne daidai, haɗiyewa ko kwale-kwale, ki ce mata su kansu Misirawa sun riƙe duka biyun, har sukan zana su a kabari ɗaya, bai dame su ba.

Na biyu shi ne gagarumin, labarin Osiris. Geb da Nut sun haifi Osiris da Isis da Set da Neftis. Osiris ya yi sarautar Masar, ya koya wa mutane noma. Ƙaninsa Set ya yi masa hassada. Ya sa aka auna tsawon Osiris a ɓoye, aka ƙera akwati mai ado daidai jikinsa, ya shirya walima, ya ce duk wanda akwatin ya yi wa daidai, nasa ne. Kowa ya gwada bai dace ba. Da Osiris ya kwanta, sai aka rufe, aka buga ƙusa, aka jefa a kogi. Isis ta bi sawu har birnin Biblos da ke Lebanon ta yanzu, ta dawo da gawar. Set ya sake ganowa, ya yayyanka ta gida 14, ya watsa a faɗin ƙasar. Isis ba ta haƙura ba, ta bi gari gari tana tattarawa, 'yar uwarta Neftis da Anubis suka taimaka aka naɗe shi da likkafani. Osiris bai dawo duniya ba, sai ya zama sarkin matattu, shi ya sa ake zana shi a naɗe, fuskarsa kore ko baƙa, launin shuka da launin laka. Wannan cikakken tsari da akwati da gida 14 mun same shi ne daga marubucin Girka Fulutak, wanda ya rubuta shi wajen shekara ta 100 Miladiyya. Rubuce-rubucen Misirawa na da can gutsure-gutsure suke kawo shi.

Isis ta ɓoye ɗanta Horus a cikin dausayin arewa, tana kare shi daga kunama da maciji har ya girma, ya fito neman gadon ubansa. Shari'arsa da Set a gaban alloli ta ɗauki shekara 80, in ji wata takarda ta zamanin sarakunan Ramses. A cikinta akwai wurin da yara suke dariya ƙwarai. Set ya ce a yi tseren jiragen dutse. Horus ya sassaƙa nasa da katako, ya shafe shi da farar ƙasa ya yi kama da dutse. Set kuwa ya fasa kan tsauni ya yi jirgin dutse na gaske, yana sa shi a ruwa ya nutse. A wani faɗan kuma idon Horus ya lalace, Tot ya gyara shi, kuma wannan idon ne za ta riƙa gani a ko'ina cikin zanen Masar, alamar lafiya da kariya. A ƙarshe Horus ya hau gado.

Abu biyu nake so ki riƙe a nan. Ɗaya, kada ki ce mata Set shi ne Shaiɗan. Allan hamada ne da guguwa da hargitsi, amma shi ɗin dai ake zanawa a goshin jirgin Ra riƙe da mashi yana sukar Afofis, kuma akwai manyan sarakuna da suka ɗauki sunansa, irin su Seti na ɗaya, mahaifin Ramses na biyu. Biyu, wannan labari shi ne ginshiƙin sarautarsu. Sarki mai rai Horus ne kuma ɗan Ra, in ya mutu ya zama Osiris, ɗansa ya zama sabon Horus. Da wannan za ta gane yanayin da Annabi Musa (AS) ya tarar. Fir'aunan da ya ce shi ne ubangiji mafi ɗaukaka, kamar yadda ya zo a Suratun Nazi'at, ya taso ne a ƙasar da aka daɗe ana ɗaukar sarki a matsayin jinin alloli, kuma a Suratul A'araf, aya ta 127, fadawansa sun ambaci allolinsa.

Na uku shi ne awon zuciya, kuma shi na fi so a zauna a kansa da yaro. Ki nemi hoton takardar wani magatakarda mai suna Ani, wadda aka yi wajen 1250 kafin Miladiyya, tana gidan tarihin Biritaniya a Landan. Ku kalle ta tare a hankali. Daga hagu ga Ani da matarsa Tutu sun shigo cikin fararen kaya, sun ɗan rusuna. A tsakiya ga sikeli. A faranti ɗaya an ɗora zuciyar Ani, 'yar ƙarama, a ɗayan kuma gashin jimina guda, alamar Ma'at, allahiyar gaskiya da daidaito. Anubis ya durƙusa yana duba ma'aunin da hannunsa. Tot yana tsaye da alƙalami da allon tawada yana jiran ya rubuta sakamako. A bayansa wata dabba ta zauna ta zuba ido: kanta na kada, gabanta na zaki, bayanta na dorina, wato dabbobi ukun da Bamisire ya fi tsoro. Sunanta Ammit. In zuciya ta rinjayi gashin saboda nauyin laifi, ita za a jefa wa. In sun yi daidai, sai Horus ya kama hannun mamacin ya kai shi gaban Osiris, daga nan ya wuce wata ni'imtacciyar ƙasa mai gonaki da magudanan ruwa, Masar dai ta biyu wadda babu yunwa a cikinta.

Kafin awon, mamacin yakan tsaya gaban alƙalai 42 yana kore wa kansa laifuffuka. Ki karanta mata kaɗan daga ma'anarsu: ban yi sata ba, ban kashe kowa ba, ban yi ƙarya ba, ban sa wani kuka ba, ban tauye mudu ba, ban ci iyakar gona ba, ban tare ruwa a lokacin gudunsa ba, ban ƙwace madara daga bakin jariri ba. Duk lokacin da na karanta wa ɗalibai wannan, ajin yakan yi tsit. Mutanen da suka ɓata wajen sanin wanda za a bauta wa, ga shi sun san tauye mudu laifi ne, sun kuma san akwai ranar da za a tambaye su. Yarinya za ta ce ai mu ma muna da mizani. Ki ce mata haka ne, sannan ki nuna mata inda aka rabu: su sun ɗauka ana iya sayen takardar addu'o'i a binne mutum da ita, har da wadda ake roƙon zuciya kada ta ba da shaida a kan mai ita, a wurinmu kuwa babu abin da yake ɓoyuwa ga Allah.

Daga nan tambayar gawarwakin nan da aka naɗe za ta taso. Sun yi imani cewa kurwa tana bukatar jikinta, don haka suke busar da gawa. Aikin yakan ɗauki kwana 70, kuma babban sinadarinsa kanwa ce, irin wadda suke haƙowa a Wadi Natrun. Sukan cire huhu da hanta da tumbi da hanji su sa a tuluna 4, su zubar da ƙwaƙwalwa don ba su ɗauke ta da muhimmanci ba, su bar zuciya a ciki saboda awo.

Akwai wasu biyu da littattafan makaranta suke yawan tsallakewa, alhali su ne talaka ya fi sani. Manoma da mata a gida ba sa shiga can cikin manyan haikalai, wannan aikin sarki ne da limaman gumaka. Abin da yake cikin ɗakinsu shi ne Bes, wani gajere mai gemu da zaro harshe wanda wai muninsa yake korar mugun abu daga yara, da Taweret, dorina mai ciki da mata suke kira lokacin naƙuda. Ana samun siffarsu a jikin gado da matashin kai da kayan kwalliya.

In ta ƙara girma, ko in ta nuna ƙwazo, ki ba ta labarin Amun na birnin Tibis, Luksor ta yanzu, wanda aka haɗa shi da Ra ya zama sarkin alloli, aka gina masa babban haikalin Karnak. Bautarsa ta kai har Sudan: sarakunan Kush irin su Piye da Taharka, waɗanda suka mulki Masar kanta a ƙarni na 8 da na 7 kafin Miladiyya, suna da babban haikalinsa a gindin dutsen Jabal Barkal. Sai kuma Akenaten, wanda ya hau mulki wajen 1353 kafin Miladiyya, ya yi watsi da Amun, ya sa aka kankare sunansa daga bango, ya ce faifan rana, Aten, shi za a bauta wa, ya gina sabon birni a Amarna. Wasu suna cewa tauhidi ya kawo. Ni ban yarda a faɗa wa yaro haka ba, domin rana ce dai ake bauta wa, kuma ta hannun sarki da iyalinsa. Bayan mutuwarsa aka koma gidan jiya a zamanin yaron sarkin nan Tutankamun, wanda Howard Carter ya gano kabarinsa a 1922.

Game da abin da za ki tace: a cikin asalin labaran akwai batsa, musamman a rikicin Horus da Set, kuma littattafan manya ba sa ɓoye ta, don haka ki duba littafi kafin ki miƙa mata. Yayyanka gawar Osiris za ki iya taƙaita shi da cewa Set ya ɓoye gawar a wurare da yawa. Za ta lura cewa Osiris da Isis wa da ƙanwa ne kuma miji da mata. Kada ki yi kwana-kwana, ki ce haka suka ƙaga labarin, wasu sarakunansu ma sun aikata, mu kuwa haramun ne a wurinmu. Labarin Sekmet mai kan zakanya, wadda Ra ya aiko ta hallaka mutane har sai da aka zuba tulu 7,000 na giya da aka rina da jan ƙasa ta sha ta ɗauka jini ne, ki ajiye shi sai ta kai shekara 11 ko 12. Finafinan zane da wasannin waya kuma sukan mayar da Anubis mugun dodo, alhali a wurin Misirawa mai tsaron mamaci ne da yi masa jagora.

Tambayarta ta ƙarshe, ko har yanzu ana bauta musu a can, amsarta a'a. Kiristanci ya shiga Masar tun ƙarni na farko, haikalai suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Rubutu na ƙarshe da aka sani da tsohon rubutun hotuna an yi shi ne a shekara ta 394 a haikalin Isis da ke tsibirin Filae kusa da Aswan, kuma an rufe haikalin a ƙarni na 6. Musulunci ya iso da rundunar Amru bin Al-As wajen shekara ta 640. Daga nan aka yi fiye da shekara 1,000 ba mai iya karanta abin da ke jikin bangon, sai a 1822 da Bafaranshen nan Champollion ya warware rubutun da taimakon dutsen Rashid, wani dutse mai ɗauke da saƙo ɗaya a rubutun Masar da na Girka. Misirawan yau Musulmi ne da Kiristoci Kibɗawa, gumakan kuma suna gidajen tarihi, 'yan makaranta suna zuwa kallo da malamansu.

Ki raba mata abin kwana-kwana, kada ki juye shi a zama ɗaya: yau kogi da dabbobi, gobe rana, jibi Osiris, awon zuciya kuma ranar da kike da lokacin amsa tambayoyi, don za su yi yawa. Ki ba ta takarda da fensir ta zana taswirar Nilu, ta sa kowane gunki a garinsa, Bastet a arewa, Amun a Luksor, Sobek a Kom Ombo, Isis a Filae. In akwai abin da ya shige mata duhu ta fuskar addini, ku je wurin malaminta na Islamiyya tare, da littafin a hannu.